Masu haɗa manhaja, a rage maimaita gwajin izini

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da matasanmu masu haɗa manhaja a nan Kaduna, musamman masu yi wa makarantun kuɗi aiki, akan gwajin nan da ake rubutawa kwamfuta ta riƙa duba wa ke da izinin yin me.

A manhajar makaranta akwai shugaba, malami, akanta da iyaye, ayyuka kuma a ce biyar, duba sakamako, gyara maki, karɓar kuɗi da sauransu, kaga gwaji 20 kenan, sai mutum ya rubuta ɗaya ya dinga kwafa yana liƙawa suna kawai yake canzawa, kafin ya kai rabi ya gaji, kuma wallahi wanda ake bari kullum sune na hani, wato a tabbatar akanta ba zai iya taɓa maki ba. Alhali nan ne haɗarin yake. Ko OWASP, ƙungiyar da ke wayar da kai kan tsaron manhajoji, a jerinta na 2021 ɓaraka wajen izini ta saka a lamba ɗaya cikin manyan matsalolin tsaron manhajojin intanet guda goma.

Maganin ba wuya, a yi tebur ɗaya, kowane layi wane ne, wane aiki, me ya kamata ya samu, lambar 200 (an yarda) ko 403 (an hana), sai gwaji ɗaya ya bi layukan duka. Masu rubuta manhaja da yaren Python suna da parametrize mai yin wannan aikin a pytest, kayan aikinsu na gwaji, ƴan Laravel (masu yaren PHP) kuma kayan gwajinsu PHPUnit na da nasa tsarin na ciyar da gwaji bayanai. In gobe mai makaranta ya ce a ƙaro mataimakin shugaba layi biyar ne kawai, kuma shi mai makarantar da kanshi zai iya karanta teburin ya ce a'a, wannan ban yarda ba.

Amma fa a rubuta amsoshin da hannu, kar a ce za a ɗauko su daga kod ɗin da ake gwadawa don gudun wahala, in kod ɗin ya yi kuskure gwajin zai bi shi ne ya ce lafiya lau.

Sannan teburin shi kaɗai bai isa ba. Uba yana da izinin duba sakamako, eh, amma na ɗansa. In ya canza lambar ɗalibi a adireshin shafi ya ga na ɗan maƙwabcinsa fa? Wannan a ware masa gwajinsa daban da iyaye biyu da yara biyu, balle yanzu da Najeriya ke da dokar kare bayanai ta 2023, bayanan ƴaƴan mutane ne a hannunku.

Naku,
Mai haɗa manhaja daga Tudun Wada, Kaduna