Ɗan kasuwar da ya karye yana da haƙƙin da doka ta ba shi

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan abin da ke faruwa da dukiyar mutum da abin da yake samu idan jarinsa ya karye, bashi kuma ya fi ƙarfin abin da ya mallaka. A kasuwanninmu na Kano, daga Kantin Kwari zuwa Singa da Dawanau, da zarar an ce wane ya karye sai masu bin sa bashi su yi rige-rige, wanda ya fi ƙarfi ya kwashe kayan shago, wani ya ɗauke mota, wani kuma ya kai ƙara ofishin 'yan sanda a tsare mutumin har sai danginsa sun haɗa kuɗi. Na ga an shiga gidan wani maɗinki an fito da keken ɗinkinsa da gadon matarsa da kwanukanta, tana tsaye a zaure tana rantsuwa cewa iyayenta ne suka yi mata su. Wannan ba ya cikin dokar ƙasa, ba ya kuma cikin shari'ar Musulunci.

Najeriya tana da dokar karyewar arziki tun 1979, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraron irin wannan ƙara. Idan kotu ta ayyana mutum a matsayin wanda ya karye, dukiyarsa tana komawa hannun wani amintacce da aka naɗa, shi ne zai tattara ta, ya sayar, ya raba kuɗin tsakanin masu bin bashi gwargwadon abin da kowa yake bi, bayan an fitar da waɗanda doka ta fifita, kamar wanda yake riƙe da jingina. Amma ba kome ake ɗauka ba. Ana bar masa kayan sana'arsa da tufafi da shimfiɗar da shi da iyalinsa suke buƙata, matuƙar darajarsu ba ta wuce adadin da doka ta ƙayyade ba, kuma abin da aka ba shi amana ba ya shiga rabon, domin ba nasa ba ne. Idan yana da albashi, kotu ce take yanke kason da za a riƙa cirewa ana biyan bashi da shi, ba mai bin bashi ne zai yanke wa kansa ba. Akwai kuma takunkumin da ke kansa kafin a wanke shi, domin tsarin mulki na 1999 ya hana shi tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da fayyace wannan a babin taflisi, wato karyewar arziki. Alƙali ne yake hana wanda ya karye taɓa dukiyarsa, sannan ya sayar da ita a raba, a bar masa suturarsa da abin da zai ciyar da iyalinsa na wani lokaci. Wanda ya sayar masa da kaya bashi, ya kuma tarar da kayan nan suna nan yadda suke, shi ya fi kowa cancantar ɗaukar abinsa, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Huraira. Dukiyar mace kuwa tata ce, bashin mijinta bai hau kanta ba sai idan ta tsaya masa lamuni. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta umarci a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma mutanen da bashi ya danne suna cikin waɗanda aka ambata a rabon zakka.

Ban manta da masu bin bashi ba, domin da yawansu ƙananan 'yan kasuwa ne da suka ba da kaya bisa yarda, kuma akwai mayaudaran da suke ɓoye dukiya da sunan 'yan'uwansu su ce sun karye. Sai dai rabon da alƙali ya yi shi ne yake kare mai ƙaramin ƙarfi a cikinsu, wanda a wawason kasuwa ba ya samun ko sisi, kuma kotu tana da ikon warware kyautar da aka yi don a guje wa biyan bashi.

Abin da nake roƙo shi ne Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta sabunta wannan doka, domin adadin kuɗin da ke cikinta na zamanin da ne, har bashin naira 2,000 ya isa a shigar da mutum ƙara. Ina kuma kira ga shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su riƙa tura irin wannan rikici gaban alƙali maimakon caji ofis, tunda dokar shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai.

Naka,
Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano