A Nuna Wa Masu Masaukin Karɓa-Karɓa Yadda Ake Raba Kuɗin Sufuri

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka in ja hankalin masu karatu kan wani kuɗi da yake shiga cikin lissafin masu mallakar masaukin hutu na karɓa-karɓa a kowace shekara, ba tare da yawancinsu sun san yadda aka ƙayyade shi ba, wato kuɗin sufurin da suke tarayya a kansa da wasu.

Ga wanda bai san tsarin ba, mutum ne yake sayen haƙƙin zama a wani masaukin shaƙatawa na mako ɗaya ko biyu a kowace shekara, ko kuma ya sayi maki da zai riƙa kashewa wajen kama ɗaki, yayin da sauran makonnin suke hannun wasu masu mallaka. A Turai tsarin ya samo asali a shekarun 1960, inda aka kafa kamfanin Hapimag a Suwizalan a 1963, daga baya ya bunƙasa ƙwarai a Amurka, musamman a jihar Florida. Bayan kuɗin saye na farko, akwai kuɗin shekara-shekara da ake biya muddin yarjejeniyar tana nan, ko mutum ya je hutun ko bai je ba, kuma a cikinsa ne ake haɗa albashin ma'aikata da gyaran gini da inshora da harajin kadarori da abin da ake zubawa a asusun ajiya domin manyan gyare-gyare.

Yawancin waɗannan abubuwa suna da saukin fahimta, domin rufin da ya lalace na ginin ne, kuma masu ginin ne za su gyara shi. Sufuri ya sha bamban. Motar bas da take ɗaukar baƙi zuwa wuraren wasa ko bakin teku ba ta masaukin kaɗai ba ce a lokuta da yawa: tana tsayawa a otal ɗin da ke maƙwabtaka, tana ɗaukar wanda ya kama ɗaki na kwana biyu, tana ɗaukar wanda ya zo cin abinci kawai. Da zarar abu ya zama na tarayya, dole a sami ma'aunin da za a raba kuɗinsa, kuma a nan ne gizo yake saƙar, domin wanda yake zaɓar ma'aunin shi ne kamfanin gudanarwa, wanda sau da yawa shi ne mai otal ɗin, shi ne kuma mai motocin.

Misali mafi bayyana shi ne na Disney Vacation Club, wato tsarin masaukan karɓa-karɓa na kamfanin Disney, wanda ya fara aiki a 1991 a kusa da birnin Orlando na jihar Florida, inda sufuri yake da layinsa na musamman a kasafin kuɗin shekara na masaukan. Masaukin Bay Lake Tower, da aka buɗe a 2009, yana manne da otal ɗin Contemporary, kuma baƙin wuraren biyu tasha ɗaya suke amfani da ita ta jirgin nan mai tafiya a kan dogo guda. Masaukin Old Key West yana da motocin bas da jiragen ruwa. Masaukin Riviera kuwa, da aka buɗe a watan Disamba na 2019, yana kan layin Skyliner, wato ƙananan akwatunan fasinja masu tafiya a kan igiya a sama, kuma layin yana yi wa wasu otal-otal hidima tare da shi. Kowace irin hanya da irin tsadarta, saboda haka mutum biyu da suka sayi maki iri ɗaya a masaukai daban ba za su ɗauki nauyin sufuri iri ɗaya ba. Na kawo wannan misali ne domin a ga siffar matsalar a inda ta fi fitowa fili. A ƙananan masaukai ma haka abin yake, ko da mota biyu ce kacal ake da ita.

Mu ƙaddara otal mai ɗaki 300 yana tarayya da masauki mai gida 100 a kan motoci guda. Idan aka raba da yawan ƙofofi, masu masaukin za su biya kashi ɗaya cikin huɗu. Idan aka raba da yawan gadaje, kasonsu zai ƙaru sosai, tunda gida ɗaya yana iya ɗaukar iyali mai mutum takwas, ɗakin otal kuwa biyu ko huɗu. Idan aka raba da yawan waɗanda suka hau motar a zahiri, lissafin zai iya juyawa, domin mai gidan da yake da ɗakin girki, wanda ya saba zuwa wurin shekara da shekaru, yakan zo da motarsa ko ya ɗauki haya ya je kasuwa da kansa. Duk ma'aunan ukun ana iya kare su da hujja, amma bambancin da ke tsakaninsu kuɗi ne mai yawa idan aka tara shi na shekaru arba'in ko hamsin, kuma irin waɗannan yarjejeniyoyi sukan kai haka. Wasu daga cikin masaukan Disney na farko sai a 2042 wa'adinsu zai cika.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne mafi yawan kuɗin sufuri ba ya raguwa don fasinja sun ragu. Motar da aka yi alkawarin za ta zo duk bayan minti ashirin dole ta zo, ko a cike ko babu kowa, kuma direba yana karɓar albashinsa, inshora tana tafiya, tayoyi suna cinyewa. Sannan abubuwan da suke tura wannan kuɗi sama ba a hannun masaukin suke ba. A 2022 farashin man dizal a Amurka ya haura dala 5 kan kowane galan. A 2020 masu zaɓe a Florida sun amince a riƙa ƙara mafi ƙarancin albashi mataki-mataki har ya kai dala 15 a awa a 2026, wanda hakan yake ɗaga albashin ma'aikatan hidima gaba ɗaya. Ni ina ganin ƙarin albashin daidai ne, domin direban da ya kwana yana jigilar iyalai ya cancanci haƙƙinsa. Amma otal yana iya mayar da asararsa ta hanyar ƙara kuɗin ɗaki gobe da safe, baƙon da bai ga dama ba ya nemi wani wuri; mai karɓa-karɓa ba shi da wannan mafita, takardar biya ce za ta iske shi, kuma idan ya ƙi biya yana iya rasa haƙƙinsa baki ɗaya.

Hidimar ma kanta tana canzawa alhali yarjejeniyar tana nan daram. Motar Magical Express, wadda take ɗaukar baƙin Disney daga filin jirgin saman Orlando ba tare da sun biya a wurin ba tun 2005, an dakatar da ita a farkon 2022. Wanda ya saya yana dogaro da wata hidima ta sufuri ya kamata ya sani cewa ba lallai ne ta kasance cikin abin da aka lamunce masa a rubuce ba.

Ba na goyon bayan masu cewa kowa ya biya nasa a ƙofar mota. Tsofaffi da masu buƙata ta musamman da iyalai masu ƙananan yara su ne suka fi dogara da waɗannan motoci, kuma samuwar sufuri tana ɗaga darajar masaukin har ga wanda bai taɓa hawa ba, idan ya zo sayar da kasonsa ko musayarsa ta kamfanonin musayar makonnin hutu irin su RCI. Abin da nake nema shi ne a rubuta ma'aunin rabon a fili cikin kasafin da ake aika wa masu mallaka, a nuna jimillar kuɗin hanyar da kason kowane ɓangare, a riƙa ƙidayar fasinja lokaci-lokaci, kuma mai binciken kuɗi wanda ba ya ƙarƙashin kamfanin gudanarwa ya duba lissafin. Idan kamfanin da yake gudanar da masaukin shi ne mai motocin, ya kamata ƙungiyar masu mallaka ta san farashin da wasu kamfanoni za su yi wannan aikin a kai.

Ga mai shirin saye kuwa, doka ta ba shi ɗan lokaci na sake tunani: kwana 10 a Florida, kwana 14 a ƙasashen Tarayyar Turai bisa dokar 2008. Ina ba shi shawara ya yi amfani da waɗannan kwanaki ya nemi kasafin shekaru biyar da suka wuce, ya bi layin kuɗin sufuri a cikin kasafin shekara bayan shekara, ya tambaya a rubuce da wa ake tarayya a kan motocin da kuma wane ma'auni ake bi. Idan aka kasa ba shi amsa kafin wa'adin ya cika, ya janye ya karɓi kuɗinsa.

Na gode da fili.

Naka,
Wani mai karatu