Rahoton Ayyukan Shekara: Ajin Yara na Gwajin Kimiyya da Sarrafa Shafi

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi.

Ga rahoton bana kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada. An yi tarukan wata-wata, kuma fuskokin da aka saba gani su ne dai aka gani.

Bari in fara da tambayar da ake yi a bayan idona: me ya hana shafin yaran hawa intanet har yau? Kuɗi ne. WordPress, manhajar gina shafin intanet, kyauta ake sauke ta tun da Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da ita a 2003, amma adireshin shafi da masaukinsa duk shekara ake biyansu, kuma ba a biya da fatan alheri. Abin da ya shigo na kuɗin wata bai kama ƙafar kasafinmu ba. Kwamiti ya ga bai dace a buɗe shafi bana, baɗi a kasa sabuntawa, aikin yara ya bi ruwa ba. Shi ya sa muka saka manhajar XAMPP a kwamfutar ƙungiya ta zama sabar, wato masaukin shafin, PHP da rumbun bayanai da WordPress ke buƙata duk suna cikinta, yara na shiga ta Wi-Fi na cikin ɗaki ba tare da an ƙona data ba.

Yadda muke koyarwa bai canja ba. Ba ma zaunar da yaro mu ce ga maɓallin kaza, ga na kaza. Tambaya muke ba shi, ya yi hasashe, ya gwada da hannunsa, sannan ya nemi inda zai adana abin da ya gani. A nan WordPress ke shigowa. Hasashe a rukuninsa, awo a jadawali, sakamako a nasa rukunin. Kowane yaro da matsayin mai ba da gudummawa yake farawa: zai rubuta daftari, amma ba zai wallafa ba sai edita ya duba, editan kuwa yaro ne ɗan'uwansa. Wannan matsayin ba ya ba da damar ɗora hoto, don haka hotuna ta hannun edita suke bi. Hakan ya yi mana daidai, domin dokarmu ita ce ba fuskar yaro, ba cikakken suna.

Ranar nuna wa iyaye gwaje-gwaje ita ce ta wanke mana zuciya. Aikin lilo aka gabatar: zare, ƙaramin ƙarfe a ɗaure a ƙasansa, da agogon waya. Yara na ƙirga zuwa da dawowa 10, su raba lokacin gida 10, don kuskuren yatsa wajen danna agogo ya ragu. Zare mai santimita 25 ya ba su kusan daƙiƙa 1, mai santimita 100 kusan daƙiƙa 2. Da kansu suka gano sai an ninka tsawo sau 4 kafin lokaci ya ninka sau 2, babu wanda ya rubuta musu a allo.

Ana cikin haka sai gardama ta tashi. Wani rukuni ya rubuta cewa ƙarfe mai nauyi ya fi saurin lilo, ga alƙalumansu a jadawali. Editarsu, yarinyar da a farkon shekara ba ta iya riƙe linzamin kwamfuta ba, ta ce atafau ba za ta wallafa ba. Ta buɗe tarihin gyare-gyaren rubutun a gaban jama'a, inda manhajar ke nuna tsohon rubutu da sabo kafaɗa da kafaɗa, da sunan wanda ya taɓa shi. Sai ga shi a daftarin farko tsawon zare daban, a na biyu daban. Ashe da suka canja ƙarfen, ƙullin da suka sake yi ya cinye zare. Abu biyu suka canja a lokaci guda, suka ɗora wa nauyi laifi. Aka ɗauko ma'auni, aka daidaita tsawo, aka sake saki. Mai nauyi da maras nauyi suka tafi tare suka dawo tare. Wani uba ya tashi ya ce shi fa bai yarda ba, a ba shi agogon. Aka ba shi, ya ƙirga da bakinsa, ya koma ya zauna ana dariya. Shugaban rukunin ya gyara sakamakon, ya ƙara layi ɗaya yana bayanin ƙullin, yarinyar ta danna wallafa, ɗaki ya ɗauki tafi. Membobin da suka ce suna tafe ba su zo ba, sun yi wa kansu.

Sauran alkawuran bara suna nan a takarda. Ajin manyan yara da za su kwatanta WordPress da takwarorinta, wato Drupal, wadda Dries Buytaert ya fitar a 2001, da Joomla ta 2005, bai zauna ba, domin waɗanda suka ɗaga hannu za su koyar ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi da muka so saya don sabar ta samu mazauni nata ma ba a saya ba. Wannan ya fi damuna, saboda aikin yaran kaf a kwamfuta ɗaya yake, kwafin ajiya kuma a filashin wani memba da ya ba mu aro. Ran da ya buƙaci abinsa, sai mu san inda dare ya yi mana.

Masu koyarwa da suka riƙe ajin ba fashi, Allah ya saka muku da alheri. Ga sauran 'yan uwa, na gaji da aika saƙo ana karantawa ana shiru. Wanda ba shi da hali ya faɗa, babu kunya a ciki, akwai aikin zama da yara da ba ya cin ko sisi. Jerin masu bashi yana wurin ma'aji, kuma kwamiti ya yanke a karanta shi a taro mai zuwa kafin a shiga zaɓe. Wanda bai biya ba, ba ya zaɓe, ba a zaɓensa.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya