Masu ciwon kunne da fuska ba tare da mura ba, a riƙa duba muƙamuƙi

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya ƙurar hunturu. Ina da ɗan kemis a Tudun Wada cikin garin Gombe, kuma akwai wani ciwo da ake yawan kawo min kanta har na ga gara in rubuto muku ko wani zai amfana.

Mutum zai shigo ya dafe kunci da gindin kunne ya ce a ba shi maganin sainos, wato kogunan da ke cikin ƙashin fuska kusa da hanci, ko antibayotik ɗin nan Ampiclox da maganin ɗigawa a kunne. Ka tambaye shi hancinka ya toshe? A'a. Majina fa? Babu. Zazzaɓi babu, kunnen ba ya ruwa ba ya mugunya kuma yana ji ras, amma ciwo na nan daram, wai kamar an cusa masa auduga a ciki, ƙasan ido ya yi nauyi, wani har gefen kai yake sara masa. Tunda lokacin ƙura ne sai a ɗora mata laifi kawai.

To da yawa daga cikin irin waɗannan mahaɗar muƙamuƙi ce ke damunsu, wadda likitoci ke ce wa TMJ. Sa yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki ka rufe, abin nan da ka ji yana motsi ita ce, tsakaninta da ramin kunne ɗan siririn ƙashi ne kawai, kuma babbar jijiyar da ke kai saƙon ciwo daga muƙamuƙi ita ce dai ke ɗauko na haƙora da kunci da kogon sainos da wani ɓangare na kunne, shi ya sa ciwo yana nan amma mutum ya rantse can yake jin sa. Ba sabon abu ba ne ma, tun 1934 wani likitan kunne da hanci a Amurka, James Costen, ya yi rubutu a kai.

Ni abin da nake tambaya shi ne, in kana tauna ko hamma yana ƙaruwa? Kana jin ƙas-ƙas a wurin? Da asuba kana tashi da muƙamuƙi a gajiye? Yatsu 3 a tsaye suna shiga bakinka ba tare da zafi ba? Wata baiwar Allah mai ɗinki da ta sha maganin mura har ta gaji, ina ce mata ta danna naman kuncinta wajen haƙoran turmi sai ta yi tsalle ta ce nan ne wallahi, ashe cingam ba ya barin bakinta in tana kan keke, ga aikin sallah ya taru, ƙanwarta da ta rako ta kuma ta ce duk dare tana jin ta tana gurza haƙora cikin barci. Dama ciwon ya fi kama mata, musamman 'yan shekara 20 zuwa 40. Mu maza namu goro ne da kilishi da rake da fasa ƙashi, sai kuma wanda aka cire wa haƙori ya koma tauna ta gefe ɗaya shekara da shekaru.

Antibayotik ba abin da zai yi wa gaɓa da tsoka, asarar kuɗi ce, kuma ranar da ake buƙatarsa da gaske sai ya ƙi ci. Haka masu zuba man zaitun ko ruwan tafarnuwa a kunne, ko sosa shi da ashana, don Allah a bari. Abin da ke taimakawa shi ne a huta da tauri na ɗan lokaci, a koma kunu da fate da tuwo mai laushi, a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, in hamma ta zo a tallafe haɓa. Ibuprofen yana rage zafin amma mai olsa ko ciwon ƙoda ko mai ciki kar ya sha sai ya ga likita. Masu gurza haƙora kuma likitan haƙori yana yi musu wata roba da ake kwana da ita a baki. Shi ne ma zai gano in haƙorin sama ne ya ruɓe, don shi ma yana kwaikwayon sainos sosai.

Ba fa cewa nake a zauna a gida ba. In akwai zazzaɓi, kumburin fuska, mugunya, ji ya ragu, baki ya ƙi buɗuwa, ko dattijo ya ce gefen kansa na ciwo ido yana dishi-dishi, ko ciwon muƙamuƙin ya zo da nauyin ƙirji da gumi, wannan asibiti za a wuce a ranar, ba kemis ba. Wanda ya yi makonni ciwon bai sauka ba shi ma ya je a leƙa kunnen da maƙogwaro.

Roƙona Malam Edita, a shafinku na lafiya ku samo mana likitan haƙori da na kunne, ko daga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ko na Tafawa Ɓalewa a Bauchi, su yi bayanin nan da Hausa, don ni in na faɗa wasu gani suke rowar magani nake musu, sai su tsallaka kemis na gaba.

Naku,
Mai kemis, Tudun Wada, Gombe