A koya wa manoma bambance ƙwarin da ke cin hatsi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin malaman gona na jihar Katsina, musamman na hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta jihar (KTARDA), kan abin da ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato gane irin ƙwaron da ya shiga hatsi kafin a nemi maganinsa.

Duk wanda ya ɗebi masara a tafin hannu a kasuwar Mai'aduwa ya duba da kyau, zai ga ƙwaron masara yana da dogon baki siriri, jikinsa ruwan ƙasa mai duhu, da ɗigo huɗu jaja-jaja a bayansa, tsawonsa kuma milimita 3 zuwa 4 ne. Da bakin nan macen ke huda ƙwayar masara, ta saka ƙwai a ciki, ta liƙe ramin, shi ya sa za a ga hatsi lafiya lau a ido alhali tsutsa na cinsa ta ciki. Na shinkafa kamarsu ɗaya, sai dai ya ɗan fi ƙanƙanta.

Ƙwaron wake kuwa ba shi da dogon baki ko kaɗan. Gajere ne, dunƙulalle, fukafukansa ba su rufe ƙarshen jikinsa ba, kuma ƙwansa fari yana manne a fatar wake, ana ganinsa ƙarara. Tun daga gona yake biyo waken, don haka wanda ya ga ƙwan nan ya san lokacin shanya a rana mai zafi ya yi, sannan a ɗure a buhun PICS mai rufi uku, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska ba tare da guba ba. Ɗan jan ƙwaron nan mai shafaffen jiki da ake gani a cikin garin tuwo ba ya iya huda lafiyayyar ƙwaya, tankaɗe da sheƙe tsaki suna rage shi ƙwarai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, rashin wannan sani ke sa ana kwarara fiya-fiya a kan abincin da ’ya’yanmu za su ci, kuma irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015.

Ina roƙon malaman gona su riƙa zuwa kasuwannin hatsi ranar da suke ci, da hotunan ƙwarin nan da gilashin ƙara girma, su nuna wa manoma da ’yan kasuwa kafin a fara zuba amfanin bana a rumbu.

Naku,
Wani mai sana’ar hatsi, Daura