Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025, Daga Sakatare

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa malamai maza da mata, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya.

Da kuɗin wata zan fara, don na san idan na ajiye shi a ƙasa da yawa ba za su karanta su kai wurin ba. Waɗanda suka biya na bana cif ba su kai rabinmu ba. Akwai waɗanda rabonsu da ma'aji tun kafin azumi. Akwai kuma waɗanda sunansu ke cikin rajista tun ranar da aka kafa ƙungiya, amma ko sisin kwabo bai taɓa fitowa daga aljihunsu ba. Lissafin kowa yana cikin takardar ma'aji. Duk aikin da kuka ji na ce bai kammala ba, ku tuna da wannan kafin ku ɗaga murya.

Tarukan wata an yi su, ban da na azumi da na Agusta da ruwan sama ya hana.

Abin da ya wanke mana zuciya bana shi ne horon jarrabawar kwamfuta da muka yi wa 'yan aji shida bayan ƙaramar Sallah, gab da JAMB. Tun 2015 hukumar ta daina jarrabawar takarda da fensir, amma ga shi bayan shekara goma har yanzu muna da yara, musamman na wajen Giwa da Soba, da ranar jarrabawa ce ranarsu ta farko a gaban kwamfuta. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40-40 na sauran darussa uku. Yaron da ya ɓata farkon lokacinsa yana kokawa da linzamin kwamfuta, ko ya haddace littafi an riga an cuce shi.

Wata makarantar kuɗi a Tudun Wada ta ara mana ɗakin kwamfutarta kyauta, Allah ya saka wa mai ita da alheri. Membobi masu laftof suka kawo nasu. Malamin kwamfutarmu na Samaru ya haɗa su duka da rauta ɗaya, wato na'urar da ke sada kwamfutoci da juna, kwamfuta guda ta riƙe tambayoyi, sauran suna ɗauka daga wurinta, ba intanet. Ko naira ɗaya ba mu kashe a data ba. Tambayoyin shekarun baya kuwa malaman lissafi da fizis da kemistiri da Turanci ne suka zauna suka buga su da hannunsu, bayan sallar asham, ba wanda ya nemi lada sai wurin Allah.

Abu na farko da aka koya wa yaran shi ne maɓallai takwas da suka ishi mutum ya gama jarrabawar ko bai taɓa linzami ba: A, B, C da D don zaɓen amsa, N don wucewa gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki, R don janyewa idan hannu ya kai kan S bisa kuskure. Sai aka nuna masu kalkuletar da ke kan allo da agogon da ke ƙirga lokaci yana raguwa. Wannan agogon shi ya fi tayar masu da hankali, har wani ya rufe shi da tafin hannu, ɗaki ya ɗauki dariya.

'Yan mata mun ware masu ranarsu, malamarmu ta bayoloji ta jagoranta tare da sauran malamai mata, shi ya sa iyaye da dama suka yarda suka turo. Waɗanda suka shigo da safe hannu na rawa, kafin azahar su ne ke zagayawa suna gyara wa na bayansu zama. Amma abin da ya fi burge ni shi ne bayan kowane zagaye. Manhajar tana nuna maki nan take tare da tambayoyin da mutum ya faɗi, sai ka ga yara sun yi gungu a baranda sun buɗe littafi suna neman dalili da kansu, suna musu kan lissafi, ba malamin da ya sa su. Mu da muke shekara muna roƙo a yi aikin gida, ranar sai da muka kore su da la'asar. A ganina amfanin na'ura a karatu ke nan: ta gaya wa yaro inda ya kasa tun abin yana da zafi, shi kuma ya tashi ya nemo.

Sakamakon bana bai yi wa ƙasa daɗi ba. Alƙaluman JAMB sun nuna sama da mutum miliyan 1.5 cikin kusan miliyan 2 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Namu ma ba duka suka haye ba, amma babu wanda ya dawo ya ce kwamfuta ce ta kayar da shi. Man janareta na kwanakin nan shugaba da ma'aji ne suka saya daga aljihunsu, kuma har yau ba a mayar masu ba.

Yanzu ɗakin karatu marar intanet, wanda aka yi ta jifan kwamiti da magana a kansa a zauren WhatsApp. Ba a watsar da shi ba. 'Yar kwamfutar Raspberry Pi tana nan, an ɗora mata manhajar karatu ta Kolibri da darussan Khan Academy da gwaje-gwajen kimiyya na PhET, an ƙara Wikipedia ta hanyar manhajar Kiwix mai buɗe ta ba intanet. Duk wayar da ta kama siginarta za ta buɗe darasi ba tare da data ba, kuma mun gwada a taron Yuli a gaban waɗanda suka zo. Sola da batir suka rage. Ba za mu ajiye ta inda sai an jira wuta ba, kowa ya san doguwar ɗaukewar wutar da Arewa ta gani a Oktoban 2024. Farashin da aka ba mu a shagunan PZ da ke Zariya lokacin da muka yi kasafi ba shi ne na yau ba, kuɗin da aka yi alkawari kuma bai shigo ba. Wanda ya ce kwamiti ya yi barci ya zo ya ga rasit.

Zauren karatun ɗalibai da muke tura darasi ta waya ya yi rauni, wannan gaskiya ce, amma da dalili. A Janairu hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100, bidiyo ya gagari yara, dole muka koma saƙon murya da hoton allo. Yawancin wayoyin ma na iyaye ne ko na yayye, ba sa zuwa hannun yaro sai dare. Wannan duk da sauƙi. Abin takaicin shi ne jadawalin da muka raba, kowane malami rana ɗaya a sati biyu, mutum huɗu ko biyar ne suka riƙe shi. Wasu ba su taɓa tura darasi ba, amma tallan atamfa da rigimar siyasa ba sa wuce su. Yara kuma da suka ga ba mai amsa masu sai suka koma ChatGPT, suna kwafo amsa da Turancin da su kansu ba za su iya karantawa ba. Hana su ba zai yi aiki ba. Koya masu yadda za su tambaye shi bayani su kuma tantance amsar shi ne aikinmu, kuma ba zai yiwu da malami biyar ba.

Bitar Nigeria Learning Passport, dandalin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022 mai darussa har da na Hausa, an ɗage ta sau biyu saboda waɗanda suka rubuta suna ba su zo ba. Mai koyarwar ya zo ya tarar da kujeru. Da kunya a sake kiransa.

Baɗi aikin zai ƙaru, domin WAEC ta fara jarrabawar kwamfuta da masu zana ta waje tun 2024, makarantu uku kuma sun riga sun nemi mu maimaita masu horon. Kwamiti ya yanke cewa daga taron Janairu za a yi aiki da tsarin mulkin ƙungiya: mai bashin wata shida ba shi da ƙuri'a, kuma ba za a rubuta masa takardar shaidar zama memba ba, ko da ta neman ƙarin girma ce. Wanda albashi ya yi wa tsaiko ya samu ma'aji a keɓe, za a raba masa biya. Ma'aji zai zauna a bakin ƙofa da littafin rasit tun ƙarfe tara.

Wassalam.
Sakatare