Allura a Idon Inna

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin can? Ya uwargida da yara? Na san ka riga ka yanke mini hukunci, wai tunda na sayi 'yar mota na daina kula talakawa. To Bazazzage, ajiye sandar tukuna. Saƙonka kan maganar filin nan na gan shi tun kafin azumi, zan zo kansa. Idon Inna ne ya ɗauke mini hankali.

Ka san sugan nata ya haura shekara 12. Kwanakin baya ta fara cewa tana ganin hazo-hazo, in ta buɗe Alƙur'aninta sai layuka su karkace. Muka ɗauka tabarau ne ya gaji. Likita ya ɗiga mata magani, ya haska bayan idon, ya juyo mini da kwamfuta: wasu siraran jijiyoyin jini sun tsiro kamar ciyawa bayan ruwan fari, suna tsattsafo, tsakiyar wurin gani ya kumbura. Ya ce allura za a yi mata, a cikin idon. Wallahi sai da cikina ya ɗuri ruwa. Ita ko gezau, wai wadda ta haifi tara a ɗaki ba a tsorata ta da allura.

Ka san halina, daren nan ban runtsa ba. Na zaro littattafanmu na jami'a, waɗanda kai ka mayar matashin kai. Ashe suga ne ke toshe ƙananan jijiyoyin, ƙwayoyin halittar wurin su rasa iskar oksijin, sai su saki wani furotin, VEGF, kamar mai shela yana neman a kawo ɗauki. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiya kuma suna da makarɓai, kai ka ce kunne, rabi a waje rabi a ciki. Babbansu VEGFR2. Da kiran ya iso sai ya jawo makarɓai biyu su manne, ɓangarensu na ciki su ɗora wa juna wani sinadari, fosfet, umarni ya wuce: ku hayayyafa, ku tashi, ku sassauta riƙon juna. Sassautawar nan ita ce yoyon da ya kumbura idon Inna.

Ga inda abin ya ƙayatar da ni. Duk ƙwayoyin sun ji kiran, amma ɗaya ce ke shiga gaba, tana miƙa 'yan yatsu tana lalube inda muryar ta fi ƙarfi. Sai ta zunguri maƙwabtanta ta wani makarɓi, Notch, su rage nasu kunnen, su bi bayanta suna gina bututu. Abin da ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta kasa ke nan. Har gobe mutum uku ke cewa su ne shugaba, ma'aji kuma ya daina ɗaga waya tun ranar da aka ambaci lissafi.

Akwai kuma VEGFR1, wanda ya fi riƙe saƙon gam amma ba ya isar da shi sosai, sak masinjan ofishinmu. Wani guntunsa yana yawo a jini, kuma in mabiyiya ta zuba shi da yawa yana da hannu a hawan jinin masu ciki, wanda ke kaiwa ga jijjiga. Nan na tuna matar Yaya, Allah ya jiƙanta. Sai da na rufe littafin na ɗan lokaci.

Allurar sunanta Avastin, kuma asalinta ta ciwon daji ce. Tun 1971 wani likitan tiyata a Boston, Judah Folkman, ya ce ƙari ba ya girma sai ya jawo wa kansa jijiyoyi, aka daɗe ba a ɗauke shi da gaske ba. A 1989 Napoleone Ferrara ya ware VEGF, a 2004 Amurka ta amince da Avastin don sankarar hanji, likitocin ido suka ara suka yafa. Cafke saƙon take kafin ya kai kunne. Akwai Eylea, da aka ƙera daga guntayen makarɓan biyu, VEGFR1 da VEGFR2, ta zama tarko, amma da na ji kuɗinta sai na yi wa likita godiya kawai.

Damuwata ita ce allurar ba ta rufe bakin mai shelar. Bayan 'yan makonni ƙarfinta ya ƙare, sai a koma. An yi biyu, ta uku ƙarshen wata, ana kuma maganar ƙona gefen bayan idon da hasken laser. Ƙannena kowa ya iya cewa Allah ya ƙara sauƙi a WhatsApp, ranar biya sai ka ji babu sabis. Ba roƙo nake ba, kar ka fara lissafin canji.

Amma shekaranjiya na shiga gaishe ta, ta ƙura mini ido ta ce, "Yaushe furfura ta cinye maka gemu haka?" Ban taɓa jin daɗin gori irin wannan ba. Dabinon da take ɓoyewa a ƙarƙashin katifa kuwa har yanzu muna shari'a a kai.

Af, ka ji Dogo zai ƙara aure? Shi da ya rantse mana a gaban mai shayi. Uwargida ta ce ba komai, ta kuma ƙara barkono a miya. Kilishinka na nan, in na samu mai tahowa zan bayar. Inna ta ce ka kira ta ta bidiyo, yanzu za ta iya ganin ko ka yi tumbi.

Naka har kullum.